Masu Jera Kujeru da Masu Kwafar Takarda: Tarihin Bayan Fagen Gasar Jaz ta Ɗalibai a Amurka

A watan Mayu na kowace shekara, ƙungiyoyin makaɗa na makarantun sakandare kan hallara a birnin New York domin gasar Essentially Ellington, wadda cibiyar Jazz at Lincoln Center ke shiryawa tun tsakiyar shekarun 1990. Shekaru da yawa ƙungiya 15 aka riƙa zaɓa, kowace ta hau dandamali ta yi kiɗa uku ta sauka. Washegari jaridu su buga sunan makarantar da ta ɗauki kofi, da hoton yaron da ya busa ƙaho har jama'a suka miƙe tsaye. Amma wanda ya bi tarihin wannan al'ada daga tushe zai ga kofin shi ne mafi ƙanƙantar abin da ke cikinta. Gasar jaz ta ɗalibai ta samu, ta kuma ɗore, saboda mutanen da ba a tafa musu: malamin da ya nemo kayan busa, mai kwafar takardun kiɗa, ɗalibin da ya rubuta wasiƙun gayyata, mai jera kujeru, mai riƙe agogo, da mai riƙe littafin kuɗi. Alherin da gasar ta yi wa yara ta hannun waɗannan ya biyo, kuma duk aibinta da aka taɓa gyarawa, su suka gyara shi.

Gasa ba baƙuwa ba ce a jaz. Tun a New Orleans, inda kiɗan ya tsiro a cikin baƙar fatar Amurka a farkon ƙarni na 20, ƙungiyoyi biyu kan yi kiciɓis a titi a kan kekunan doki na talla, su yi ta busa har ɗaya ta sare. A unguwar Harlem ta shekarun 1920, masu haya kan haɗa shagali a ɗakinsu don tara kuɗin haya, gwanayen fiyano irin su James P. Johnson da Willie Smith su riƙa karɓar kujera ɗaya bayan ɗaya, kowa na son ƙure ɗan'uwansa. Gidan rawa na Savoy, wanda aka buɗe a 1926, dandamali biyu gare shi kusa da juna, kuma a nan ne ƙungiyar Chick Webb ta kara da ta Benny Goodman a 1937, dubban mutane a ciki, wasu dubbai a waje sun rasa shiga. Alƙalan wannan gasa masu rawa ne, ƙafarsu ce ke yanke hukunci. Hukuncin yaro mai koyo kuwa ya fi haka zafi. Labarin da aka fi bayarwa shi ne na Charlie Parker yana ɗan saurayi a Kansas City, lokacin da ya ɓace a tsakiyar kiɗa, makaɗin ganga Jo Jones ya jefar da farantin tagulla a ƙasa kusa da ƙafarsa don ya sauka, aka yi masa dariya. Parker ya koma ya yi ta gwaji har ya zama abin da ya zama. Waɗanda irin wannan kunya ta kora har abada kuwa, babu wanda ya rubuta sunayensu.

Masu kewar wancan zamani suna da gaskiya cewa ya fitar da gwanaye. Sai dai makaranta ce ta tsakar dare, a wuraren shan giya, a birane 'yan ƙalilan. Yaron ƙauye ba ya isa gare ta, yarinya kuwa iyayenta ba za su bar ta ba. Kuma ko da ba ta da aibi ko ɗaya, ta rushe. A 1944 gwamnatin tarayya ta ɗora harajin kashi 30 cikin ɗari a kan wuraren da ake rawa, daga baya ta sauke shi zuwa kashi 20, masu gidajen rawa da yawa suka ga riƙe makaɗa 16 ko 17 ba ya fitar da su. Talabijin ta zaunar da mutane a gida, matasa suka koma wani sabon kiɗa, Savoy kansa ya rufe a 1958. Da babu wanda ya gina wa manyan ƙungiyoyin jaz wani gida, da sun rage a faifai kawai.

Gidan da aka gina musu makaranta ce, kuma tubalinsa na farko malaman makarantun baƙar fata ne suka aza, tun kafin a san za a buƙace shi. Louis Armstrong a gidan horon yara na New Orleans ya koyi busa a hannun Peter Davis, wajen 1913. Jimmie Lunceford malami ne a sakandaren Manassas da ke Memphis, kuma daga cikin ɗalibansa ya haɗa ƙungiyar da ta shahara a duk ƙasar. A Los Angeles, Samuel Browne ya fara koyarwa a sakandaren Jefferson a 1936, inda Dexter Gordon da Art Farmer da Chico Hamilton suka bi ta hannunsa. A Chicago akwai Walter Dyett, wanda ya koyar da Nat King Cole da Dinah Washington da Gene Ammons da Johnny Griffin a makarantun Wendell Phillips da DuSable. Abin lura game da Dyett shi ne yadda ya samu kayan kiɗan: wasan shekara-shekara yake shiryawa, a sayar da tikiti, ya sayi ƙahoni da kuɗin. Ke nan tun ranar farko malamin jaz ɗan bayan fage ne, rabin aikinsa neman kuɗi da gyaran kaya. Wannan tarihi kaɗai ya isa ya raunana zancen da ake yawan yi cewa jaz na gaskiya a titi kawai ake koyonsa.

Jami'o'i sun shigo a makare, kuma da ɗari-ɗari. Bayan yaƙin duniya na biyu, dokar 1944 da ta biya wa tsofaffin sojoji kuɗin karatu ta cika makarantu da samarin da suka yi busa a ƙungiyoyin soja. Lawrence Berk ya buɗe makarantar da ta zama Berklee a Boston a 1945. Kwalejin North Texas ta fara ba da digiri a wannan fanni a 1947 ƙarƙashin Gene Hall, amma da sunan kiɗan rawa aka shigar da shi, don hukuma na ganin jaz kiɗan 'yan bariki ne. A 1959 aka fara sansanin hutu na matasa makaɗa a Jami'ar Indiana da sunan Stan Kenton, kuma a wannan shekarar ce ɗaliban Jami'ar Notre Dame, da taimakon Charles Suber na mujallar DownBeat, suka shirya bikin jaz na jami'o'i wanda ake ɗauka mafi daɗewa a ƙasar. Ɗalibai ne suka riƙe ragamarsa, da yawansu ba ma makaɗa ba ne. Su ne masu neman alƙalai, masu roƙon kamfanoni kyautar kayan kiɗa, masu nema wa baƙi masauki. Amfanin wannan wahala ya fito fili a 1962, lokacin da wani ɗalibin Jami'ar Michigan mai suna Bob James ya zo da abokansa biyu suka yi nasara, Quincy Jones yana cikin alƙalai, ya kuma kai shi kamfanin Mercury aka yi masa faifansa na farko. Shekara guda kafin haka, ƙungiyar Paul Winter ta ci irin wannan gasa a Jami'ar Georgetown a gaban Dizzy Gillespie da John Hammond, abin da ya kai ta kamfanin Columbia, da rangadin ƙasashen Latin Amurka, da wasa a fadar White House a 1962. Gwanintar Bob James tasa ce. Amma zaman Quincy Jones a wannan kujera a wannan dare, aikin wani ne da ya rubuta wasiƙa, ya nemo kuɗin mota, ya je tarye.

Yadda ake tafiyar da ranar gasa a yau ya samo asali daga waɗannan bukukuwa da irinsu na Reno, da na Jami'ar Idaho wanda daga baya aka sa wa sunan Lionel Hampton, da gasar sakandare da bikin Monterey ya fara a 1971. Babbar ƙungiyar jaz tana da masu saksofon biyar, masu ƙaho huɗu ko biyar, masu tirambon uku ko huɗu, sai fiyano da jita da ganguna da ƙaton gogen nan da ake kaɗawa a tsaye. A babban biki, ƙungiyoyi da dama ne za su bi ta dandamali guda daga safe zuwa dare, kowace da 'yan mintocinta. Saboda haka akwai ɗan rakiya da zai tari motar makaranta, ya kai yara ɗakin ajiye kaya, ya kai su ɗakin ɗumama leɓe, ya tsayar da su a bakin labule a daidai lokaci. Akwai masu sauya jerin kujeru da ma'ajin takardu da makirfo tsakanin ƙungiya da ƙungiya, bisa zanen da kowane malami ya aiko tun da wuri. Ganguna da fiyano galibi na masu biki ne, kowa a kansu zai yi, kuma akwai mai saita fiyanon. Alƙalai suna zaune a tsakiyar zaure suna magana a hankali cikin na'urar ɗaukar murya yayin da kiɗa ke tafiya, a da kaset ne, yanzu waya ko kwamfuta, wani yaro na jiran ya kwashi takardun maki ya ruga da su ɗakin lissafi. Bayan an sauka, a wurare da yawa wani gwani zai shiga ɗaki da ƙungiyar ya sa su maimaita inda suka yi rauni. Wanda ya duba da kyau zai ga kowane ɗaya daga waɗannan ayyuka maganin wata tsohuwar cuta ce. Agogo yana hana mai ƙarfi cinye lokacin mai rauni. Ganga ɗaya ga kowa tana rage tazarar da ke tsakanin makarantar masu hali da ta talakawa. Kaset ɗin alƙali kuwa shi ne ya maye gurbin farantin Jo Jones: yaron da ya ɓace a tsakiyar kiɗa zai koma gida da bayanin inda ya ɓace da yadda zai gyara.

Amma mafi nauyin aikin bayan fage, a ganina, shi ne na takarda, kuma a nan tarihin Essentially Ellington ya fi koyarwa. Duke Ellington, wanda aka haifa a 1899 ya rasu a 1974, ya shafe kusan shekara 50 yana rubuta wa ƙungiyarsa kiɗa, daga 1939 tare da Billy Strayhorn. Shi kansa yana da nasa 'yan bayan fage: Juan Tizol, mai busa tirambon, da Tom Whaley, su ne ke ɗaukar rubutunsa na gaggawa su fitar wa kowane mabushi nasa kason, wani lokaci ana jiran tawada ta bushe a ɗakin ɗaukar faifai. Ellington ba ya rubuta wa kayan busa, mutum yake rubuta wa. A kan takardun sunayen mabusan ake samu, ko laƙabinsu, na Johnny Hodges, na Cootie Williams, na Harry Carney wanda ya zauna da shi daga 1927 har ƙarshe. Abin da aka buga aka sayar a kasuwa da sunansa kuwa sauƙaƙaƙƙen tsari ne da wasu suka yi don ƙungiyoyin rawa, bai yi kama da abin da ke faifai ba. Sakamakon haka, shekara da shekaru makarantun Amurka suna gasar jaz ba tare da ainihin kiɗan babban mawallafin jaz ba. Cibiyar Smithsonian ta karɓi tarin takardunsa daga hannun ɗansa Mercer a 1988, sai dai takardun ba cikakku ba ne. Kason ganga da na fiyano sau da yawa ba a rubuta su ba, wasu shafuka sun ɓace a yawon duniya, kuma abin da aka sauya da baki a wurin gwaji bai shiga takarda ba. Dole sai wani ya zauna da tsohon faifai, ya saurari daƙiƙa biyu ya mayar, ya sake mayarwa, har ya raba muryar saksofon na uku da ta na huɗu a cikin ƙarar da aka ɗauka tun kafin yaƙi. David Berger shi ne ya yi mafi yawan wannan aiki a shekarun farko, ɗaruruwan kiɗa ya fitar da kunnensa. Lokacin da Wynton Marsalis da abokan aikinsa na Jazz at Lincoln Center suka buɗe gasar ga makarantun New York da New Jersey da Connecticut a 1996, suka kuma faɗaɗa ta zuwa duk jihohin ƙasar a 1999, shekarar cikar Ellington 100 da haihuwa, takardun nan su ne ainihin kayan da ake rabawa. Ƙungiyoyi 'yan ƙalilan ke zuwa New York, amma dubban makarantu sun karɓi takardun da faifan misali da bayanin yadda ake bi da su. Gasar ita ce ta sa malamai buɗe ambulan.

Akwai mai cewa wannan kashe kiɗan ne da sunan raya shi. Tun da Ellington don Hodges ya rubuta, yarinya 'yar shekara 16 a wata jiha mai nisa me za ta yi ban da kwaikwayo? Kuma jaz ba ƙirƙira nan take ba ne? Wannan suka tana da nauyi, domin akwai ƙungiyoyin da ke haddace har abin da mabushi ya ƙirƙira a ranar ɗauka, su maimaita shi tiryan-tiryan. Amma mai sukar ya manta cewa kwaikwayo shi ne matakin farko na kowane gwani a wannan kiɗa. Parker ya haddace busar Lester Young daga faifai kafin ya samu muryarsa. Bambancin kawai shi ne mutum ɗaya zai iya koyon busar mutum ɗaya da kunne, amma yara 17 ba za su iya tsinto tsarin ƙungiya guda da kunne a ajin awa ɗaya ba. Sannan masu shirya gasar sun san iyakar takarda. Babu alamar rubutu da za ta nuna yadda ake sa ƙaho ya yi gurnani ko ya yi kamar maganar mutum ta hanyar rufe bakinsa da robar buɗe toshewar bututu, dabarar da Bubber Miley da Joe Nanton suka shahara da ita. Shi ya sa ake tura ƙwararren makaɗi zuwa kowace makarantar da ta kai zagayen ƙarshe tun kafin ta taso, a kuma haɗa ta da mai kula da ita idan ta iso. Abin da takarda ta kasa ɗauka, mutum ke kai shi, kuma tafiyar wannan mutumin ma wani ne ya tsara ta.

Suka ta biyu ta fi ta farko cizo. Gasa tana lanƙwasa koyarwa. Malamin da ke son kofi zai iya shafe shekara a kan kiɗa uku, yaransa su fita ba su iya karanta na huɗu ba. Takardar maki tana saurin gane ƙara da sauri da busa mai tsini, tana jinkirin gane laushi da natsuwa. Fim ɗin Whiplash na 2014, wanda makaɗan jaz da yawa suka ƙi, ya wuce gona da iri, har ya mayar da farantin Jo Jones abin da aka auna kan yaro da shi, amma irin malamin da ya nuna, mai ɗaukar tsoro a matsayin horo, ba ƙage ne gaba ɗaya ba. Ban ga amfanin musanta wannan ba. Abin da nake cewa shi ne a duba inda gyara ya fito. Bikin Notre Dame da kansa ya rage ƙarfin gasa a hankali ya mayar da hankali ga sharhin alƙalai, kuma abin da ya fi jan jama'a a cikinsa shi ne daren da alƙalan ke hawa dandamali su yi kiɗa da kansu a gaban yaran da suka auna. Bukukuwa da yawa sun buɗe rukunin da makaranta za ta zo ta karɓi sharhi kawai ba maki. A Essentially Ellington ana tantance faifan da makarantu suka aiko ba tare da alƙalai sun san sunan mai shi ba, kowace makarantar da ta aiko tana samun rubutaccen sharhi ko ba a zaɓe ta ba, kuma bukukuwan yanki da ake yi da sunanta ba na cin kofi ba ne. Duk waɗannan ƙa'idoji ne da mutane suka zauna a ofis suka rubuta bayan sun ga ɓarnar da gasa ke yi. Ba za a iya raba matasa da son gwada ƙarfi ba, a Harlem ne ko a aji. Abin da za a iya yi shi ne a gina masa shinge.

Sukar da ba ni da cikakkiyar amsarta ita ce ta kuɗi. Kai yara 20 da kayansu New York yana cin kuɗi mai yawa, kuma makarantun Amurka sun dogara ƙwarai ga harajin gidajen unguwarsu, don haka unguwar masu hali ita ce mai malamin kiɗa na dindindin da yaran da ake biya wa darasi a gida. Abin takaici ne a ce kiɗan da ya fito daga unguwannin baƙar fata ya fi samun gindin zama a makarantun unguwannin masu hali na wajen gari, yayin da irin makarantun da Dyett ya koyar a cikinsu suka sha rasa darasin kiɗan gaba ɗaya idan an rage kasafi. 'Yan mata ma har yanzu ba su da yawa a layin ƙaho da kujerar ganga. Raba takardu kyauta, da shigar da kiɗan Benny Carter da Mary Lou Williams da Count Basie a jerin, sun taimaka, amma ba su sayi ƙaho ko ɗaya ba. Duk da haka, makarantun gwamnati da suka yi fice suna nuna inda ƙarfin yake. Garfield da Roosevelt na Seattle, ƙarƙashin Clarence Acox da Scott Brown, sun yi ta komawa zagayen ƙarshe shekara bayan shekara, kuma bayansu akwai ƙananan makarantun da ke fara horar da yara tun da wuri da ƙungiyoyin iyaye masu tara kuɗi. Dillard ta Fort Lauderdale, makarantar da aka kafa don yaran baƙar fata a zamanin wariya, ta ɗauki kofin fiye da sau ɗaya ƙarƙashin Christopher Dorsey. Kamar biki ne, amarya ake kallo, amma masu tuƙa tuwo a tsakar gida su ne suka san ko za a ci ko ba za a ci ba.

Hujja ta ƙarshe daga faɗuwa take. Ƙungiyar malaman jaz ta ƙasa, wadda aka kafa a 1968 ta kuma zama ta duniya daga baya, ta kai tana tara dubban mutane a taronta na shekara. A 2008, bayan taron Toronto da bai samu jama'ar da aka zata ba, ta durƙushe saboda bashi. Makaɗa ba su ragu ba a wannan shekara, ɗalibai ba su daina busa ba, littafin kuɗi ne ya ƙi daidaita, kuma shi kaɗai ya isa ya rufe ƙungiya mai shekara 40. A cikin shekarar wasu daga membobinta suka kafa Jazz Education Network suka soma daga farko. Haka kuma bikin sakandare na Berklee, wanda ya shafe rabin ƙarni yana tara ƙungiyoyi sama da 200 a Boston a rana guda, ya tsaya bayan na 2019 lokacin da kwalejin ta janye hannunta. Malaman sakandaren da suka saba kai yaransu can ba su jira wata babbar cibiya ba. Sun nemi zaure a Philadelphia, suka nemi alƙalai da 'yan sa kai, suka tsara jadawali, suka buɗe sabon biki a farkon 2020.